Gafiya a Ramin Takin Innarki

Jibiya, ranar Laraba.

Zuwa ga autata Mufida,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara can Fatakwal. Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan da ba ta jin magana. Gwaggonki Bilki ta Riko ta samu sauƙi, har ta fara fita.

Kin san kajin Innarki duk sun ƙare bayan rasuwarta, saura farar nan mai faɗa, ita ce kaɗai abin da ta bar mini mai numfashi a gidan nan. Ta yi ƙyanƙyasa, na yi murna kamar an yi mini haihuwa. Sai na ga ’yan tsaki suna raguwa. Na zagi shaho, na zagi kyanwar maƙwabta, ashe gafiya ce ta yi gida a ramin takin da Innarki take tara kashin kaji da ganye saboda yakuwa da kuɓewarta. Har kazar ma ta ciza a ƙafa, ’yar banza!

Na kira Isah, Bamaraɗen nan mai dako a bakin boda, ya zo da shebur. Yana juya takin sai ga malmalar tuwo, wata kan wata, duk sun yi funfuna. Kunya ta kama ni, Auta. Tun da aka yi rasuwa, Lantana maƙwabciyarmu take kawo mini kwano da kanta rana da dare, ta tsaya a zaure mu gaisa. Ni kuwa abinci ba ya wuce mini ni kaɗai, loma biyu na ƙoshi. Kin san ba a mayar wa mutum kwanonsa da abinci, in kuma na bayar a unguwa sai ta ji. Kaza ta ci iya cinta, sauran in binne. Isah bai yi mini dariya ba, ya ce dai muddin ana binne tuwo gafiya ba ta tashi, kuma in na sa magani kazar ce za ta fara tonowa.

To, na zaɓi kazar. Na gaya wa Lantana ta huta, wai likita ya hana ni tuwo, ina sayen koko a tasha. Ta ce Allah Ya sawwaƙe, ta tafi da kwanonta. Mun toshe ramin, gafiya ta yi gaba, ƙafar kaza ta warke, ɗan tsakon da ya rage har ya fara fiffike. Sai dai yanzu babu mai yin sallama a gidan nan. Jiya na dawo daga masallaci da la’asar, na lura tun safe in ban da salla ban buɗe baki ba sai da na kira kaza. Wallahi kaɗaici ya ishe ni, Auta.

Ki gaishe da maigidanki Uwaisu, da Salmatu da Habibu ƙarami. Ki ce wa yaran kakansu yana sa musu albarka.

Ni ne mahaifinki,
Lawwali