Inna, munduwar ta sake matsewa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Dije ta Mungadi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ɗiya ga uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, amma shekara uku ke nan ina haɗiye magana, yau ta fi ƙarfina. A kan takwararki ce, ɗiyata Ummi, da munduwar da kika sa mata.

Kin tuna tana 'yar shekara tara ta fara ramewa kamar sillen kara? Ci take kamar gara, ruwa kuwa ta shanye moɗa uku ta nemi ƙari. Kika ce ban iya kiwon ɗiya ba, zaman Jega ya lalata ni. Kika ɗauke ta zuwa Mungadi, kina ɗura mata fura da zuma safe da yamma. Allah sarki, ashe ciwon muke ciyarwa.

Ke ce kuma kika fara lura da kiyashi na taruwa inda ta yi fitsari. Da likita ya ce ciwon suga ne irin na yara, wanda sai da allura kullum har iyakar rai, sai kika jawo ta jikinki. Daga asibiti har gida kina riƙe da hannunta. Tun ranar ban sake ganin zuma a ɗakinki ba.

Ba ki san lambobin sikeli ba, sai kika ciro munduwar azurfarki ta ƙuruciya kika zura mata. Duk Juma'a in na kawo ta, kafin ki amsa gaisuwata, sai kin tura munduwar sama kin ga inda za ta tsaya. Da farko har gwiwar hannu take kaiwa. Kullum kina cewa, "Ranar da ta matse, ranar zan yi barci." Ruwan allurar ma, da yake wutar lantarki ba ta zama, ke kika koya mini in sa shi a ƙaramin tulu, in binne gindinsa cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa.

Kin ga ta matse kafin ki tafi. Shi nake tunawa in ji sanyi a raina.

Bayan rasuwarki Ummi ta shiga shekara goma sha huɗu, jiki ya zo mata da yawa, kumatu da damtse duka. Likita ya ce girma da allurar kan kawo haka, a gyara cin abinci, a riƙa tattaki. 'Yan ajinsu kuwa suka laƙaba mata buhun Aliero, wai albasa ce aka danƙara har baki. Sau ɗaya ta gaya mini, ina tsakiyar tuƙa tuwo. Na yi dariya na ce ƙiba ai rufin asiri ce. Ba ta sake tayar da zancen ba.

Bara da rani ta fara zubewa. Maƙwabtanmu na unguwar Firchin suna ta yabo, wai Ummi ta yi kyau, ta zama budurwa. Ni ma, don wauta, har da kai kayanta wurin tela a rage. Ina jin ƙarar munduwar a bakin kwano in tana wanke-wanke, amma ko sau ɗaya ban kama hannun na tura ta sama ba. Na bar mata yin allurar da kanta, na ce ai ta girma. Ashe ta gano in ta daina, jikin zai zube. Sai ta zuƙi ruwan a sirinji, ta juya mini baya, ta tsiyaye shi cikin yashin tulun nan naki.

Wata Laraba da hantsi ta fara amai, tana haki kamar wadda ta yi gudu. Kafin mu isa asibiti ba ta san wanda ke kanta ba. Da ma'aikaciyar jinya ta ɗaga hannunta za ta sa mata ƙarin ruwa, munduwar ta sulale har gwiwar hannu. Da kina nan, da tun makon farko kin kama ta. Kwana biyar muka yi kafin a sallame mu.

Ban yi mata faɗa ba. Da wane baki? Yanzu ina zaune a gabanta take yin allurar. Tuwo ya ragu a kwanonta da nawa, zogale ya ƙaru, da la'asar mu taka har bakin gulbi mu dawo. Har yanzu takan daɗe gaban madubi, ni kuma gabana na faɗuwa. Ban iya lallashi irin naki ba. Ke da kumatun za ki ja, ki ce takwarata ta fi 'yan matan ƙasar Maiyama kaf, ta ƙyalƙyale da dariya, magana ta mutu. Wallahi ina kewarki, Inna. Akwai ranar da nake ɗaukar mayafi in tafi Mungadi, sai a bakin ƙofa in tuna.

Makon jiya munduwar ta sake matsewa, har ta yi mata sawu a fata. Ummi ta miƙo hannu ta ce in cire. Na ɗauka jefar da ita za ta yi, ta koma gidan jiya. Ashe so take in kai wa maƙeri ya buɗa ta kaɗan, don hannun zai ƙara girma kuma ba ta son rabuwa da ita. Na kai. Yana bugawa ina share hawaye, bawan Allah ya ɗauka tsoro nake kada ya karya ta.

Ta matse, Inna. Yi barcinki. Yanzu ni ke tura ta sama duk Juma'a.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya yafe miki, Ya raya mana takwararki da ƙibarta da lafiyarta, Ya haɗa mu a Aljanna. Amin.

Ɗiyarki da ba ta gama koyo ba,
Luba