Ɗana Ba Ya Cin Abinci Sai Daga Hannuna

Anti, don girman Allah ki ba ni shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Sau uku ina farawa ina yagewa.

Ni tela ce, ina ɗinkin kayan mata a ɗan shagon da ke jikin gidanmu. Ɗana guda ne, shekararsa huɗu, yana ajin farko a makarantar nazare. Babansa yana kiransa Direba, don ko murfin tukunya ya samu sai ya mai da shi sitiyari. Ina da ciki wata bakwai, likita kuma ta ce tiyata za a yi mini kamar wancan karon. Damuwata ita ce yaron nan ba ya cin abinci sai daga hannuna. Ba shagwaɓa nake nufi ba. Ruwa da shayi yana sha da kansa, amma abin taunawa, ko babansa ne ya miƙa masa, sai ya damƙe baki ya kau da kai. Kuma ni na ja.

Kafin shi ina da 'ya mace. Tsuntsuwa muke ce mata saboda surutu. Tana da shekara biyu da rabi, wata ranar Talata da hantsi, ina gwada wata mata a shago, ita kuma tana wasa a ƙarƙashin teburin yanka. Gwangwanin maɓallai ya faɗi ban ji ba, keken ɗinkin maƙwabciyata yana ta ƙara. Shirun da na ji ne ya sa na leƙa. Na sa yatsa a bakinta, na jijjiga ta, na yi ta ihu, ban san abin da ake yi ba. Kafin mu kai asibiti ta cika. Maɓalli ɗaya, Anti, irin wanda nake zubarwa da shara kullum.

Da aka haifi Direba sai na yi wa kaina alkawari. Tun bai iya magana ba nake koya masa cewa ba a sa komai a baki sai daga hannun Mama. Da wasa na fara, ina tafa masa hannu yana dariya. Da ya fara rarrafe sai wasan ya zama doka, in ya kai hannu baki na buge hannun. Ban taɓa ba shi cokali ba. Kayansa kaf babu maɓalli, ɗan tela guda. Rigar makarantar ma da na karɓo, zama na yi na farke maɓallanta na sa zif. Mutane suna ta yaba mini, wai yaro mai tsafta, ba ya tsintar komai a ƙasa. Ni kuwa ina ta jin daɗi.

Da ya shiga makaranta sai kwanon abincinsa ya riƙa dawowa yadda na rufe shi. Ban gaya wa kowa ba. Ƙarfe goma in ta yi sai in rufe shago in zagaya ta bayan makarantar, inda aka yi shingen ƙarfe kusa da famfo. Ya san wurin. Ya zo da kwanonsa ya tsaya, ni ina waje shi yana ciki, ina zura hannu ta tsakanin ƙarafan ina ba shi shinkafa loma-loma. Wata biyar muna haka, ga ciki ya tsufa, ga rana. Yara suka fara taruwa suna kallo, wasu suna kiransa jariri, wani ma ya riƙa yi masa kukan akuya.

Mako biyu da suka wuce shugabar makarantar ta kama ni. A gaban iyayen yara ta wanke ni tas. Ta ce nakasa yaron nake yi, ba ya iya riƙe cokali, fensir ma da ƙyar, ba ya iya buɗe kwanonsa, kuma in aka kawo musu duwatsun ado su zura a zare sai ya ruga ya ɓuya a bayan ƙofa. Ta ce in aka sake ganina a shingen nan maigadi zai kore ni. Ba ta san labarin Tsuntsuwa ba. Tun ranar yaron yake wuni da yunwa daga bakwai da rabi har ƙarfe ɗaya. Shekaranjiya jiri ya ɗebe shi a layi, malamarsu ce ta tare shi.

Maigidana ya goyi bayansu. Ya ce a bar shi, yunwa za ta koya masa. Surukata ma haka, wai su da suka raini takwas ba su ga wannan iyayin ba. To amma ni na san ba haka ba ne. Watan jiya da jinina ya hau aka kwantar da ni a asibiti kwana uku, ɗakin kuma ba a shiga da yara. Kwana biyu cur shayi kawai ya sha. Babansa ya lallashe shi, ya yi faɗa, har ya ɗaga masa hannu, abin da bai taɓa yi ba. Sai a rana ta uku wata nas ta ji tausayi ta fito da ni baranda, na ba shi burodi da hannun da ke ɗaure da robar ƙarin ruwa. Yana ci yana kallona, bai ko yi kuka ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne jiya. Na zuba masa abinci, na yi ta maza na ajiye cokali a gabansa na ce ya gwada. Ya daɗe yana kallon cokalin, sannan ya tambaye ni wai in ya ci da kansa, shi ma wurin Yaya, wato Tsuntsuwa, zai tafi? Wallahi ban taɓa gaya masa yadda ta rasu ba. Ban san a bakin wa ya ji ba, ban kuma san tun yaushe yake ɗauke da wannan abu shi kaɗai ba.

Saura mini wata biyu. In na shiga tiyata wa zai ba shi abinci? In kuma ban fito ba fa? Zuciyata tana ce mini in cire shi daga makarantar ya zauna kusa da ni har in haihu. Ki gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini ɗaci.

Taki,
Uwar Direba

Amsa

Uwar Direba, Allah Ya jiƙan Tsuntsuwa, Ya sanyaya miki zuciya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na biyun sai da na ajiye ta na ɗan zauna.

Kin nemi gaskiya, to ga ta: kada ki cire shi daga makaranta. In kika yi haka za ki sami sauƙin wata biyu, sannan ranar tiyata ta zo ta same ku inda kuke. Shugabar makarantar tana da gaskiya a kan abin da ta gani, yaro mai shekara huɗu ya kamata a ce yana cin abincinsa, yana kokawa da rigarsa, yana ɓata jiki yana koyo. Inda ta yi kuskure shi ne tozarta ki a gaban mutane da yanke abu rana ɗaya ba ta tambayi dalili ba. Maigidanki da surukarki kuma sun ɗauka taurin kai ne. Da taurin kai ne da yunwa ta karya shi tun kwana biyun nan na asibiti. Yaron nan biyayya yake yi miki, kuma a ransa ya yarda cewa cokali yana kashe mutum. Gaya wa babansa kada ya sake ɗaga masa hannu a kan abinci.

Tunda ke kika kafa dokar, babu mai iya ɗage ta sai ke. Ki fara da amsa tambayar da ya yi miki, yau ɗin nan. Ki zaunar da shi ki gaya masa a taƙaice cewa Yaya ba abinci ta ci ba, wani abu ta tsinta a ƙasa tana ƙarama, shi kuma yanzu ya girma, kuma Mama ta canja doka: abin da ke cikin kwano na ci ne, abin da ke ƙasa ba na ci ba ne. Ki maimaita masa kullum, da tafi da dariya, yadda kika koya masa ta farkon. Sannan ku ci a kwano ɗaya, hannunsa a kan cokali, naki a kan nasa. Bayan kwana biyu ko uku ki riƙe gwiwar hannun kawai. Daga nan babansa ya karɓe ki, ke kina zaune kina cewa ya ci, kin yarda. Ki fara da mai laushi, ayaba, dafaffen ƙwai, a yanka ƙanana, kuma a zaune. Zai zubar, zai yi kuka, wata rana ma ya koma baya. Ki daure.

Ki koma wurin shugabar, ta ƙofar gaba wannan karon, tare da maigidanki. Ki ba ta labarin Tsuntsuwa. In bakinki ya kasa, ki miƙa mata wannan shafin ta karanta. Ki roƙi mako biyu a bar ki ki zauna gefensa lokacin cin abinci, daga baya ki koma bakin ƙofa, malamarsu ta maye gurbinki. Wadda ta tare shi da jiri ya ɗebe shi ba za ta ƙi ba. Ki kuma kai shi asibiti cikin makon nan a auna shi, ki gaya wa likita komai, har da tambayar nan tasa. In suna da mai duba damuwar yara, ki nemi a haɗa ku. Kina can ki sa nas ta nuna muku, ke da babansa, abin da ake yi wa yaro in ya shaƙe. Kin ce ranar nan ba ki san abin da ake yi ba. Wannan karon ki sani, za ki ga tsoron ya ragu.

Saura ke. Shekara nawa kina hukunta kanki a kan gwangwanin da ya faɗi ba ki ji ba? Ba ke kika kashe 'yarki ba. Kuma maigidan nan naki da kike jin haushinsa, shi ma 'ya ya binne. Ban ga inda kika ce kun taɓa zama kun yi maganarta ba. Ku yi, kafin jaririn nan ya zo ya tarar da dokar tana jiransa shi ma.

Kin tambaya in ba ki fito ba fa. Ina roƙon Allah ki fito lafiya, kuma ina kyautata zaton haka. Amma tunda ke kika yi tambayar, kin san amsar: yaron da bai iya ci sai daga hannunki, ranar da babu hannun ba ki bar masa komai ba. Wata biyu sun isa a yi nisa in aka fara yau. Ranar da ya kai cokali bakinsa da kansa, ko rabin shinkafar a rigarsa ta zube, ki sa hannuwanki a ƙarƙashin cinyarki ki danne su har ya gama.

Allah Ya sauke ki lafiya, Ya raya miki Direba da ƙaninsa ko ƙanwarsa.

Anti