Gida Na Huɗu Bayan Famfo

Litinin, 3 ga Maris
Gwiwa ta tashe ni kafin zakara. Wai ranar Asabar za a zauna a kan sunan lungunmu. Malamar makarantar nan ce ta tayar da zancen, ta ce "Lungun Kutare" cin mutunci ne. Shekara talatin da ɗaya ina raba wasiƙu da jaka a kafaɗa, sunan nan bai taɓa cizona ba. Mutum in ya ƙoshi sai ya nemi abin gyarawa.

Laraba, 5 ga Maris
Shugaban kwamitin unguwa ya ce in yi magana, ni ne mai tarihi. In aka fara ce maka mai tarihi, ka kusa zama shi. Da yamma na gwada labarin a benci, ƙofar shagon Kafinta, yadda na tsince shi a bakin tsofaffi shekarar da na tare nan: mutum bakwai da aka koro daga gari, suka kafa bukkoki, suka haƙa rijiya da dungulmin hannu. Na kwaikwayi muryar babbansu ta hanci, kamar kullum. Aka sha dariya. Kafinta na ta goge katako. "Kai dai bakinka ba ya tsufa," in ji shi.

Asabar, 8 ga Maris
Na yi magana. Na ce wanda ya share suna ya share sawun na gaba. An tafa. Malama ta ce ɗalibanta sunan wani layi suke ara in za su cika takarda. Na ce ƙuruciya ce. An ɗage ƙuri'a da mako biyu. Kafinta ya fita ina tsakiyar labarin. Na ɗauka fitsari ne, sa'o'in juna muke.

Litinin, 10 ga Maris
An shigar da benci cikin shago. Wai ƙafarsa na rawa.

Alhamis, 13 ga Maris
Har yau. Ƙafa huɗu gare shi, ko ɗaya ake gyarawa a rana ya ci a gama. Shekara arba'in ina zama a kansa. Yammar nan a ɗaki na yi ta, ina kallon silin.

Juma'a, 14 ga Maris
Na yi wa uwar yara ƙorafi a kan Kafinta. Tana ninke kaya, ko juyowa ba ta yi ba. "Malam, kai da ka kai masa wasiƙa shekara da shekaru, me ake rubutawa a bayan ambulan?"

Gida na huɗu bayan famfo. Haka 'yar'uwarsa ke rubutawa, haka 'ya'yansa da suka tafi karatu. Ba a taɓa sa sunan lungun ba. Sau nawa na yi masa tsiya, danginka ba su iya adireshi ba, suna wahalar da ma'aikacin gwamnati. Ya yi murmushi ya ce ƙauyawa ne, a yi haƙuri.

Ashe babban kutaren nan da nake yi wa murya mahaifinsa ne. Marigayiya matar Kafinta ce ta faɗa wa uwar yara. Shi ke ba tsohon abinci a baki tun yana ɗan shekara shida. Na ce me ya hana ki gaya mini? Ta ce, "Amana ce. Kuma yaushe ka taɓa yin shiru aka samu wurin sa magana?"

Talata, 18 ga Maris
Na kai masa kujerar da ba abin da ya same ta. Ya jujjuya ta, ya gane. Na fara kame-kame. Ya ce, "Ni ban ce a canza ba, ban ce a bari ba. Shi ya haƙa rijiyar, gaskiya ne. Amma ba haka yake magana ba, ɗan wasiƙa. Muryarsa ta fi taka daɗi."

Na dawo da kujerata a ka. Ta yi nauyi.

Asabar, 22 ga Maris
An bar sunan, da ratar hannu uku. Ban ɗaga nawa ba, kafaɗa na ciwo. Shugaba ya ce jawabina ne ya yi aiki, a sake ba da labarin don yara. Na ce na manta shi. Tsufa.

Laraba, 26 ga Maris
Benci ya fito. Mun zauna, mun zagi tsadar katako da gwiwoyinmu, ba a taɓo komai ba. Babban ɗana ya bugo, zai aiko mini da magani, in faɗi adireshi a rubuta. Na ce gida na shida bayan famfo. Ya ce, "Baba, sunan lungun fa?" Na ce mai kawowa zai gane.

Ya fi saurin samuwa ne kawai. Ni na san aikin.