Karatun da Malam ya bar mini a waya

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin, na roƙe ka ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, na daɗe ina juya abin nan a raina ni kaɗai har na gaji.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a Safana, ɓangaren haihuwa. Bara aka zaɓe ni cikin waɗanda za a tura ƙasar waje ƙarin karatu na shekara ɗaya, da sharaɗin sai na ci jarrabawar Turanci. Kashi huɗu ce, karatu da rubutu da magana da sauraro. Ukun farko ina taɓukawa. Na sauraron ne ya kayar da ni har sau biyu. Abu ake sa maka a kunne, Turawa su yi ta magana da sauri, kana ji kana rubuta amsa, kuma sau ɗaya tak ake kunnawa.

Mijina malamin Turanci ne a wata sakandare a Batsari, Malam nake ce masa. Aiki ya raba mana zama, sai ƙarshen mako yake zuwa a kan babur. Da ya ga sabis ɗinmu ba ya iya sauko da darussan sauraro daga intanet, sai ya riƙa karanta su da bakinsa daga littafin shirin jarrabawar, yana naɗa a waya, in ya zo ya zuba mini a tawa. A hankali yake karantawa kamar yana gaban aji, in ya kai ƙarshe sai ya ce da Hausa, "Ɗaliba, kin kama? To, bari in sake." Sai ya sake daga farko. A wasu ana jin zakaran gidansu, a wani ana jin Inna, mahaifiyarsa, tana cewa tuwo zai huce. Guda arba'in da ɗaya ya yi mini.

Wata goma ke nan da rasuwarsa. Ya je ta'aziyya wajen Ruma, a hanyar dawowa aka tare su. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba, mutanen yankinmu sun san sauran.

Da na fita takaba na koma kan shiri, kuma da muryarsa na shirya, don ita ce da ni. Na zauna jarrabawar na faɗi, na sake zama na sake faɗi. Shi ne na shiga lesin a Katsina, duk Asabar nake bin mota in je. A mako na biyu malamar ta tsaya a kaina ana kunna darasi, da aka gama ta tambaye ni me nake jira. Ta ce ta lura ba na taɓa biro sai magana ta ƙare, sannan in ɗago kai kamar akwai abin da zai biyo baya. Ban taɓa sanin ina yin haka ba. Jiran "bari in sake" nake yi. Kunnena ya saba da cewa jin farko na sauraro ne kawai, a na biyu ake rubutu, su kuma ba su da na biyu.

Da na yi mata bayani ta yi mini ta'aziyya, sannan ta ce gaskiya za ta faɗa mini, in ina son ci sai na daina sauraronsa gaba ɗaya har a yi jarrabawa, in da hali ma in cire su daga wayar. Na mayar mata da maganar da ba ta dace ba, na ɗauki jakata na fita. Daga baya na kira ta na ba ta haƙuri, don na san ba ƙarya ta yi ba.

Na gwada dainawa. Nakan yi kwana biyar ina sauraron Turawan da ta zuba mini, har in fara tsintar amsa. Amma duk Juma'a ina zuwa Batsari gaida Inna, kuma da mun gama gaisawa sai ta ce, "Kunna mini ɗan nan." Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, haka za ta zauna tana saurare har a zo inda yake cewa bari ya sake, sai ta ce, "To, sake." Da wane baki zan ce mata malama ta hana? In na koma lesin washegari, hannuna ya koma jira.

Saura mako shida, kuma an rubuto mini cewa in ban kawo sakamako wannan karon ba, za a ba mai bi mini gurbin. Malam ne ya cika mini fom ɗin neman gurbin nan da hannunsa. Ni kam raina ya riga ya ba ni ba zan ci ba, amma ba na so a ce ban yi abin da ya kamata ba.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, har malamar. Na arba'in da ɗayan ban taɓa buɗe shi ba. Ranar da ya zuba mini shi ya ce wannan da sauri ya karanta, sau ɗaya, kamar yadda za su yi mini, kada in buɗe sai saura mako guda. Sau biyu lokacin yana zuwa ina kasawa. Wataƙila shi ne darasin da nake bukata tun farko. Amma in na buɗe shi, babu sauran wata magana tasa a duniya da ban ji ba.

'Yan uwa, ya zan yi? In daina kunna wa Inna har mako shidan nan su wuce, ko in haƙura da tafiyar? Na ƙarshen nan kuma, in buɗe shi, ko in bar shi yadda ya bar mini?