Takardar Hamida da Gaisuwar da Ban Yi Ba

Gummi, 6 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga aminina Abdulƙadir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara, kuma ciwon gwiwar nan ya sassauta. Mu nan lafiya lau. Tun da aka rufe layukan waya mutanen Gummi suka gano ashe suna da maƙwabta, ni kuma na gano ina da alƙalami. Zayyanu direba zai kawo maka wannan.

Na san za ka juya ambulan ka duba ko ɓatan hanya ta yi. Taka ce. Wata bakwai ke nan da rasuwar Inna mahaifiyarka, ban taka garinku Zugu ba, ban zo Sakkwato na same ka ba. Matar da ta ciyar da ni duk hutun makaranta, wadda take ɓoye mini ƙanzo kada ka riga ni, abin da na iya yi mata shi ne saƙon waya na layi ɗaya. Da Turanci kuwa! Na ce wa kaina hanya ba kyau. Gaskiya ba kyau, amma Isma'ila mai faci ya je ya dawo, shi da bai taɓa cin tuwonta ba. Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna ce makoma.

Yanzu kuma buƙata ce ta kawo ni, ka ga irin abokin da Allah Ya ba ka.

Ka tuna Hamida, 'yar ƙanena marigayi Halilu? Ta gama makarantar koyon aikin lafiya. Ƙungiyar nan da ke kula da yaran da gubar dalma ta taɓa za ta ɗauki mutum goma sha biyu ta horar da su a Anka. Mai zaɓen ita ce likitar nan 'yar Uganda da ka yi wa tafinta a ƙauyen Dareta. Masu nema sun yi yawa, sai mutum ya samu wanda ta sani ya tsaya masa. Don Allah ka rubuta mata 'yan layuka da Turanci, ka gabatar da yarinyar. Shekara ashirin da shida ina koya wa yara yadda ake rubuta irin wannan wasiƙa, ina murɗa kunne a kan waƙafi, amma likita ba ta san ni ba. Turancina iyakarsa allon aji.

Ka gaishe da mutanen gida.

Naka mai laifi,
Dalhatu

Gummi, 13 ga Oktoba, 2021

Abdulƙadir,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali? Da fatan kowa lafiya.

Zayyanu ya dawo hannu rabbana. Ya ce ka karanta, ka ninke, ka tambaye shi ko ruwa ya ɗauke a Gummi. Ya ɗauke. Ban ga laifinka ba, sai dai na ga gara in ƙarasa maka abin da na rage a waccan takarda.

Ba makon jiya Lubabatu uwar Hamida ta roƙe ni ba. Tun ƙarshen Agusta ne, lokacin waya na aiki. Na ce mata yau-yau zan kira ka. Na ɗauko lambarka ya fi sau goma. Amma ka san yadda abin yake a wurinmu: bakin da bai yi gaisuwar mutuwa ba, da wane ido zai buɗe da roƙo? Sai in ce gobe zan tafi Zugu in fara sauke wancan nauyi, gobe ta yi, in ce jibi.

Kullum da safe ta leƙo zaure: "Yaya, mi Malam Abdu yac ce?" Ni kuwa in gyara tabarau in ce, "Ai kin san mutanen birni, aiki ya yi musu yawa." Ka ji. Ban gaishe ka ba, kuma na ɗora maka jinkirin da ba ka san da shi ba. Ranar da aka rufe layuka, ina jin duk Zamfara ni kaɗai na yi ajiyar zuciya, don na samu sabon abin fakewa.

Na karanta littattafai da dama a kan matsorata, kullum ina ganin marubutan sun cika ƙari. Ashe sassauci suka yi.

In fushinka ya hana ka yi don ni, ka yi don Halilu. Yarinyar ta goge farar rigarta ta rataye tun watan jiya.

Naka,
Dalhatu

Gummi, 25 ga Oktoba, 2021

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Takardarka ta iso, Allah Ya saka da alheri. Na ga kwanan watan da ke kanta: washegarin wasiƙata ta farko ka rubuta, buga ta da neman wanda zai kawo ne suka ɗauki lokaci. Ashe ma ban buƙaci tona asirina ba. To, na riga na tona.

Lubabatu ta ce in fassara mata. Ina tafiya tiryan-tiryan har na zo inda ka ce ka san yarinyar ta hannun baffanta, mutumin da ka amince da maganarsa shekara talatin. Nan na miƙa wa Hamida takardar, ita ce ta ƙarasa. Turancin naka ya yi kyau, ko waƙafi ban samu na gyara ba, kuma Allah Ya sani na nema.

Ranar Alhamis na raka ta Anka. Likita ta karɓe mu hannu biyu, ta yi ta tambayarka. Ta zauna da Hamida rabin awa, ta fito tana yabonta. Sannan ta ce an rufe ɗauka tun talatin ga Satumba, sha biyun har sun fara. Ta sa sunan Hamida a farkon jerin na baɗi.

Talatin ga Satumba, Abdulƙadir. A lokacin ina zaure ina gyara tabarau.

Hamida ta daure har muka shiga mota, sannan ta juya fuska wajen taga. Da muka iso gida uwar ta ce, "Allah Shi saka ma Malam Abdu, da dai ya ɗan hamzarta..." Ban bari ta kai ƙarshe ba. Na gaya musu komai a tsakar gida, da rana tsaka, ban rage ba.

Na shirya wa faɗa. Lubabatu ta daɗe tana kallon turmi, sannan ta ce, "Haba Yaya. Da ka hwaɗa min, ai da ni na tai Zugu na yi maka gaisuwar."

Da na faɗa mata kuwa, da ta tafi ɗin, kai ma ka sani.

Hamida har yanzu tana durƙusawa ta gaishe ni da safe. Shekara guda zan yi ina amsa wannan gaisuwa.

Ranar Juma'a in Allah Ya kai mu zan bi motar hatsi zuwa Zugu. In ka samu mai tafiya kafin nan, ka aika wa yayarka Lauratu da ke can cewa ina tafe, kuma don Allah kada ta yi mini girki.

Ka huta lafiya.

Abokinka,
Dalhatu