A Bar Mana Sajan Bala Ya Ƙarasa Aikin Ɗana

Zuwa ga Maigirma babban jami'in da ke kula da 'yan sandan sashen yara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ranka ya daɗe. Ni direba ne a layin Gusau zuwa Tsafe, mazaunin Damba, kuma godiya ta fi ƙorafi yawa a wannan takarda.

Na farko. Da damina ɗana Nasiru, mai shekara goma sha huɗu, ya haura katangar maƙwabcinmu Malam Isa ya kwashe masa tantabaru. Malam Isa ya rantse sai kotu. Ni kuma kunya ta sa na ce a kai shi, ya ɗanɗana.

Sajan Bala na sashenku ne ya hana. Ya zaunar da mu a tabarma, har da mai unguwa, ya cire hularsa, ya tambayi yaron irin tantabarun da ya ɗauka. Yaron da ba ya haɗa ido da ni sai ga shi yana zuba kamar rediyo. Aka daidaita: kowace Juma'a zai share ɗakin tantabarun Malam Isa ya sa musu ruwa, Sajan yana leƙowa, har ƙarshen shekara. Idan ya cika, an rufe magana. Wallahi raina ya yi fari. Yanzu Malam Isa da kansa ke aikensa kasuwa sayen dawa.

Na biyu, ga kukana. Mun ji za a mayar da Sajan Bungudu kafin wa'adin ya cika. Na je ofis na tambayi wanda zai karɓi maganar Nasiru, kowa ya nuna na kusa da shi. Wani ma ya ce wataƙila a tura ta kotu. Tun ranar nan uwar Nasiru ba ta cin abinci da daɗi.

Ba na baƙin ciki da mutanen Bungudu, su ma suna da 'ya'ya masu haura katanga. Roƙona a jinkirta tafiyar, ko a damƙa yaron a hannun mai irin halinsa, a gabanmu.

Malam Isa ya ba Nasiru tantabaru biyu kyauta, macen tana kwance a kan ƙwai. Yaron ya ce ɗan fari na Sajan ne. A bar shi ya zo ya karɓa.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare ku a bakin aiki.

Wassalam.
Mahaifin Nasiru, Damba, Gusau