Tabon da Noelene ta raɗa wa suna

Malama Glenys, don Allah ki taimake ni. Na rasa wanda zan faɗa wa maganar nan bai ce tsufa ya rikita ni ba.

Ni makiyayin shanu ne a wajen Charleville. Rana ta gasa ni tun ina yaro, bayana duk tabon tawadar Allah ne. Matata Noelene ce mai duba min shi. Kowace Lahadi in mun dawo daga coci sai ta zaunar da ni a baranda, ta sa tabarau, ta ce, "Cire rigar, tsoho, in ga garkena." Har suna ta raɗa musu. Akwai wani tabo a ƙasan kafaɗata ta hagu da take kira Ƙuda, wai ya sauka ya ƙi tashi. Shi take dangwala da yatsa in ta gama, alamar in mayar da riga.

Bara ta rasu. Tun daga nan ba wanda ya taɓa min baya.

'Yarmu Bronwyn ta ja ni asibitin fata a Toowoomba. Suna da na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, ta ɗauki hoton jikinka kaf, in ka koma ta gwada da na baya. Zuwana na biyu sai ta zagaye tabo ɗaya, wai ya ƙara faɗi, gefensa ya canja. Ƙuda ne. Likitar ta leƙa da madubinta, ita ma hankalinta bai kwanta ba, tana so ta yanke shi a bincika ko ciwon daji ne.

Sau biyu ina ɗage ranar. Na ce wa Bronwyn na'ura tana kuskure, ta yi fushi ta kashe waya. Gaskiyar ita ce nan ne yatsan Noelene ya taɓa na ƙarshe. Na ba da kayanta, na sayar da motarta, wannan ma sai an ɗauke? Wallahi zuciyata ciwo take.

Tsohon makiyayi

Baba makiyayi, Allah ya ba ka haƙurin rashin Noelene. Ba ka rikice ba, kewa ce, kuma ba abin kunya ba ce.

Kana da gaskiya ta wani ɓangare. Na'urar nan takan zagaye tabon da ba shi da illa, shi ya sa ba a bar mata hukunci ba. Amma likita ta duba da idonta, ita ma ta ga abin da bai yi mata ba. Ba mai tabbatarwa sai an cire an bincika. In aka kama irin wannan da wuri, yawanci 'yar ƙaramar yanka ce. In aka bar shi, yakan shiga ciki.

Ka kira asibitin gobe. Ka roƙe su hoton Ƙuda ka ajiye. Ka kuma faɗa wa Bronwyn abin da ka faɗa min. Fushinta tsoro ne, ta binne uwa bara.

Sannan ka tambayi kanka, me Noelene take nema duk Lahadin nan? Ranar da wani tabo zai canja take tsaro. Da ita ta gani, da kunne za ta ja ka zuwa mota, ko rigar ba za ta bari ka mayar ba.

Ka je ka ƙarasa mata aikinta. Allah ya sa a ji alheri.

Glenys